Dambe a Kan Soron Fada

Wasannin faɗa na talabijin da suka fara shigo mana Suleja duk a kan layi ɗaya ake yin su. Mutum biyu su tsaya suna fuskantar juna, wannan a dama wancan a hagu, ƙasa a shimfiɗe, a bayansu kuma hoto: yau kasuwar ƙasar Sin, gobe haikali, jibi bakin tashar jirgin ruwa. Street Fighter II na 1991 haka yake. Mortal Kombat na 1992 ma haka, in ka cire gadar nan da ake wurgo wanda aka kashe ya faɗa kan tsinin ƙarafa. Tekken 3 ya zo da ɗan kaucewa gefe, amma filinsa ba tudu ba kwari, ba kuma iyaka. Hoton baya ado ne kawai. Ko a ƙofar fada aka ajiye ku ko a bakin kasuwa, faɗan bai sauya ba, kuma wanda yatsunsa suka fi sauri, ko ya haddace sirrin maɓallai, shi ke tashin ɗan'uwansa daga benci.

Gidajen gem na wancan lokaci ba wasu gidaje ba ne. Shago ne mai ƙofar ƙarfe, ko rumfar katako da aka jingina da katangar wani, a lungunan bayan titin Moroko, ko wajen Kwamba, ko can Madalla. Benci biyu, talabijin masu ƙeya, fankar da ba ta korar zufa, sai janareto a waje yana tari. Sega ce ta fara mulki, PlayStation ta zo ta ture ta, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: faifai take ci, faifai kuwa ana kwafarsa. Da zarar mai gyara ya dasa wa injin wani ɗan ƙaramin cif, duk faifan da ya fito daga kasuwar Alaba ta Legas zai yi aiki. Nintendo 64, wadda ta fito a 1996, ta nace wa kaset, ga tsada ga wuyar kwafa. Shi ya sa a ƙasar nan yara da yawa suka girma, suka yi gemu, ba su taɓa riƙe ta ba.

Mu dai sa'a muka taka. Mai shagon da muke zuwa Ibo ne haifaffen garin, Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri, kuma ya tsinci injin cikin kayan gwanjon Beljiyam da aka sauke masa, tare da 'yan kasa-kasai. Abin da ya ja hankalinsa ba wasan ba ne, ramuka huɗun da ke gaban injin ne. PlayStation mutum biyu take ɗauka, wannan kuwa huɗu, ke nan kuɗin mutum huɗu a kan talabijin ɗaya da fetur ɗaya. A cikin kasa-kasan akwai Super Smash Bros., wanda ya fito a Japan a watan Janairun 1999. Ya iso gare mu a makare, takardar jikinsa duk ta goge, sai an hura masa iska kafin ya yarda ya tashi.

Filayen wasan ba su da yawa, amma ɗaya ne muka mayar gida: kan rufin fadar Hyrule. Fili ne mai faɗi, kusan ya fi duk sauran. A tsakiya akwai dogon rufi, da wata hasumiya mai ɗauke da matakai uku da ake hawa ɗaya bayan ɗaya. A hagu rufin ya yi ƙasa, ya ɗan karkata zuwa bakin rami. A dama ma an sauka, sai dai can akwai wata 'yar hasumiya mai koren tsini wadda mutum zai iya shigewa ƙarƙashinta, mu muna ce mata zaure. Tsakanin babban rufin da ɓangaren zauren akwai bango, kuma wannan bango shi ne makarantar mugunta: in ka matse mutum a jikinsa, duk dukan da ka yi masa sai bangon ya dawo maka da shi ka ƙara. A can nesa, bayan filayen ciyawa, akwai wani dutse tsaye shi kaɗai. Ba wanda ya tambayi sunansa. Dutsen Zuma muka ce, aka wuce wurin. Sai daga baya na ji masu wasan suna kiransa Death Mountain.

Dokar wasan ita ce ta ba rufin daraja. A sauran wasanni kowa na da sandar rai a saman allo, ana dukanka tana raguwa, ta ƙare ka mutu a inda kake tsaye. A nan babu wannan. Lamba ce ke hawa a ƙasan hotonka, kuma gwargwadon hawanta gwargwadon nisan da bugu zai wurga ka. Ba a kashe ka sai an fitar da kai daga fili, ko ka faɗa ƙasa, ko ka ɓace a sararin sama har ka koma tauraro. Don haka mai lamba 150 da ya san inda zai tsaya yana iya daɗewa fiye da mai lamba 60 da ya yi ganganci a bakin rufi. Tambayar farko ta daina zama wane maɓalli zan danna, ta koma ina nake tsaye, me ke bayana, in an wurga ni ina zan kama. Yaron da ba shi da saurin yatsu amma yana da haƙuri da ido ya samu abin yi. Akwai wani ɗan ajinmu, kullum shi ake fara kora a Mortal Kombat, a kan rufin nan kuwa sai ya shige zaure ya bar ukun su cinye juna, ya fito ya ture wanda ya rage. Mun zage shi, mun kira shi matsoraci, amma shi ke zaune a benci mu muna tsaye a layi.

Sai guguwa. Lokaci-lokaci wata 'yar guguwa kan taso a wani sashe na rufin, ta yi ta kai-komo a hankali, wani sa'in kuma ta zabura. Wanda ta kama sai ta juya shi ta cilla sama, in lambarsa ta yi nisa shi ke nan, sai wani jiƙon. Mu da muka tashi ana ce mana kada mu shiga guguwa don aljanu ke tafiya a cikinta, ba mu buƙaci bayani ba. Da ta ɓullo za ka ji shago ya ɗauka: ga mutanen nan, ga mutanen nan! Ba ta san gwani ba, ba ta san ɗan koyo ba. Na sha ganin ta ƙwace wasa daga hannun wanda ya fi kowa, ta miƙa wa yaron da ko tsalle biyu bai iya ba. Wanda aka yi wa haka yakan tashi yana rantsuwa cewa injin ya tsane shi, mai shago kuma ya ce masa, “Abokina, ka biya kuɗin wasa ne, ba ka biya kuɗin nasara ba.”

Abin da ya sa wasan ya yi suna a duniya shi ne ya tara jarumai daga wasanni daban-daban, kowa da garinsu, ya haɗa su dambe. Su goma sha biyu ne, takwas a fili, huɗu sai an sha wuya suke fitowa. Yaron Japan ko na Amurka yana ganinsu ya san kowa, ya san labarinsa, abin da ke ba shi dariya ke nan. Mu Mario kaɗai muka sani, daga injinan nan na China masu kaset rawaya da ke alkawarin wasa dubbai alhali biyar ne ake maimaitawa. Sauran sai muka raɗa musu suna. Donkey Kong ya zama Goggo, Pikachu Ɓeran Wuta, Kirby Tulu saboda yana haɗiye mutum, Samus kuwa Soja, ba mu ma san mace ce a cikin sulken ba. Link, mai koriyar hula da takobi, shi ne Ɗan Sarki, don mun lura in ka bi wasan kai kaɗai a kan rufin nan kake fara haɗuwa da shi. Ba ɗan sarki ba ne, fadar ta mahaifin gimbiya Zelda ce, an ɗauko ta daga wasan Ocarina of Time na 1998 wanda babu ɗayanmu da ya taɓa gani. Abin dariyar shi ne Ɗan Sarki ya fi kowa saurin faɗowa. In aka ture shi ba ya iya dawowa da nisa, kuma har yau masana wasan a sahun ƙarshe suke ajiye shi. Baƙi ne ke cin kasuwa a kan soron garinsu.

Wanda ya ƙirƙiri wasan, Masahiro Sakurai, a lokacin yana aiki ne a kamfanin HAL Laboratory, kuma Satoru Iwata, wanda daga baya ya shugabanci Nintendo har rasuwarsa a 2015, shi ya rubuta masa manhajar gwaji ta farko. A wannan gwajin babu Mario babu fada. Wasu mutum-mutumi ne marasa fuska, hoton bayansu kuma na unguwar Ryuo ne, inda ofishin kamfanin yake a lardin Yamanashi. Daga baya suka gane cewa wasan faɗa na gida ba ya kama zuciya in ba a san masu faɗan ba, suka nemi izinin saka jaruman Nintendo. Kuma ba su ɓoye cewa wasan yara ne ba. A buɗewarsa, wani hannu mai farar safa ne ke ɗauko 'yan tsana ya jera su a kan tebur, ya ƙirga, teburin ya rikiɗe ya zama filin daga.

Mu ba da idon Japan muka kalle shi ba, da idon dambe muka kalla. Suleja ba ta da nisa da Dei-Dei, inda gidan damben Ali Zuma yake, kuma ko yaron da bai taɓa zuwa ba ya san ana haɗa ɗan Kudu da ɗan Arewa da Baguramaɗe, kowa da makaɗinsa da mutanensa. Haɗa gwanayen gidaje daban-daban a fili ɗaya ba sabon abu ba ne a wurinmu. Da kalmomin can muke magana: turmi, kisa, canjaras. Kuma kamar yadda yake a can, rabin wasan a wajen 'yan kallo yake. Mutum huɗu ke riƙe da fad, wato abin sarrafa wasan, amma ashirin ne a kansu, Bahaushe da Bagwari da Bayarabe da Ibo da Banufe, ana Hausa ana broka a numfashi ɗaya. Su ne alƙalai. Su suka kafa dokokin da ba a rubuta ba: ba a haɗa kai mutum biyu a kan ɗaya sai in shi ya fara tsokana, wanda ya ɗauki guduma ya kashe mutane da ita ba zai yi kuri ba, wanda ya daɗe a zaure a yi masa ihu har ya fito. Karya doka ba ta sa injin ya hukunta ka. Sai dai gobe ka zo ka ga ba mai matsa maka a benci.

Hawa soro ba al'adar yaran Suleja ba ce sosai. Yaran Kano da Zariya da ke zuwa hutu su ke ba mu labarin kwana a kan soro lokacin bazara, da leƙen gidan maƙwabta ta tsakanin zankwaye, da zubo ruwa ta indararo. Mu nan damina ta fi tasu nauyi, rufin ƙasa da azara ba ya jure mata kamar can, don haka jinka ce a da, kwano ya gaje ta. Tudunmu duwatsu ne. Garin a cikinsu yake zaune, kogin Iku ya ratsa, kuma duk yaron da ya yi yawon ɗiban mangwaro ko wanka a wajen Mayanka ya san wanda ke sama ya fi wanda ke ƙasa.

Wannan sanin shi ne asalin garin, ko da yake ba a makaranta muka ji shi da kyau ba. Lokacin jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo, a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu, ya zauna wajen Zuba yana ta fafatawa, har aka kashe shi a kusa da Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, aka kira garin da sunansa, Abuja, aka kewaye shi da ganuwa. Mutanen da aka koro daga fili mai shimfiɗa, inda doki ke da iko, sai suka zaɓi wurin da doki zai yi tuntuɓe. Dutse a nan, kurmi a can, rafi a tsakani. Sarakunan Fulani na Zariya sun fi su dawaki da yawan mayaƙa, amma har ƙarnin ya ƙare ba su ci garin ba. Abu Kwaka, Dogon Sarki, ya yi zamaninsa, Ibrahim Iyalai, Dodon Gwari, ya yi nasa, kuma sai a 1902 da Turawa suka zo da bindigar da ba ruwanta da tudu ko kwari labarin ya sauya. Shi ya sa har gobe sarautar garin Sarkin Zazzau take amsawa. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta wannan tarihi tun zamanin Sarki Sulaimanu Barau, amma a tsararmu waɗanda suka san kowane lungu na rufin Hyrule sun fi waɗanda za su iya nuna maka inda ganuwar Abu Ja ta bi yawa nesa ba kusa ba. Ban ɗora wa yaran laifi ba. A lokacin rufin yana nan kullum ga duk mai naira goma, ganuwar kuwa gine-gine sun cinye yawancinta, kuma ba wanda ya ɗauke mu ya zagaya da mu abin da ya saura.

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar sabon babban birnin tarayya. Masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da har sunanta, garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko da suka zo gina birnin a nan suka sauka, unguwar Field Base shaida ce. Da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, sai waɗanda birnin ke buƙatar aikinsu amma ba ya da ɗakin da za su iya biya suka kwararo mana. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙaro wasu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar sama da mutum 200,000, kuma duk wanda ya tsaya a Madalla da asuba ya ga motocin da ke ɗibar mutane zuwa Zuba da Kubwa da Wuse ya san gari ne da rabinsa ke kwana a nan ya yini a can. Duwatsun da suka tsare kakanni yanzu ana fasa gefensu a kafa ɗakunan haya. Zuma kansa, wanda mutanen yankin suka riƙa fakewa a gindinsa lokacin hare-hare, ya hau bayan takardar naira 100 a 1999, kuma yawancin masu ɗaukar hotonsa a matsayin ƙofar Abuja suke nuna shi, alhali a jihar Neja yake.

Gidan gem bai mutu rana ɗaya ba. PlayStation 2 ta shigo, ƙwallo ta cinye komai. Winning Eleven ne da PES, kowa ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin shot. Wasan faɗa ya koma talabijin ɗin kusurwa. Sandar tsakiyar fad ɗin Nintendo 64 kuwa tana da wata cuta, tana cinye kanta ta zama gari har ta saki, kuma ba a samun sabuwa a kasuwa. Fad huɗu suka koma uku, suka koma biyu, wata rana aka ga injin a kan kanta ƙarƙashin ƙura. Gidajen kallon ƙwallon Turai suka janye manya. Sai 2011 ta zo da abin da ba a so: bam a ofishin hukumar zaɓe a watan Afrilu, wani a cocin St. Theresa ta Madalla ranar Kirsimeti, dokar ta-ɓaci a ƙarshen shekara wadda ta haɗa da ƙaramar hukumar Suleja. Iyaye suka daina barin yara su taru a shago bayan magariba, kuma cakuɗuwar nan ta kan benci, wadda ba wanda ya shirya ta, ta ɗan ja baya. Kafin hankali ya kwanta waya mai shafawa ta riga ta shiga aljihun kowa.

A can inda aka haifi wasan kuwa, rufin fada ya yi ta haihuwa. Melee na 2001 ya kawo rufin fadar gimbiya Peach, inda wani ƙaton harsashi mai fuska kan taho ya nutse a jikin hasumiya ya fashe. Brawl na 2008 ya kawo Castle Siege, wanda ake farawa a kan ganuwar fadar da aka yi wa ƙawanya, a faɗa cikin zauren sarki, a ƙare a ƙarƙashin ƙasa. Ultimate, wanda ya fito a Disambar 2018 ya kuma sayar da kwafi sama da miliyan 30, ya zo da filaye fiye da 100, har da tsohon rufinmu an wanke shi an yi masa fenti, jaruman kuma sun haura 80. Amma a daidai wannan lokacin wani abu ya faru ta ɗaya gefen. Wasan ya zama sana'a, ana gasa ana cin kuɗi, masu gasar kuma suka zauna suka tace filaye. An daɗe ana yarda da rufin Hyrule a gasar tsohon wasan, daga baya aka hana shi. Hujjarsu biyu: guguwa tana yanke hukuncin da ba gwaninta ce ta kawo shi ba, kuma faɗin filin da lungunansa suna ba wanda ke gaba damar gudu da laɓewa har lokaci ya cika. Wato ɗan ajinmu na cikin zaure ba shi kaɗai ba ne a duniya. Aka bar fili ɗaya tal, Dream Land. Kamfanin ma ya bi su: tun daga fitowar 2014 kowane fili yana da shimfiɗaɗɗen samfurinsa, a Ultimate kuma akwai maɓallin kashe guguwa da duk wani abu makamancinta. Kana iya zaɓar fadar Hyrule a yau ka samu dandamali sumul, fadar tana can baya tana kallo.

Na fahimci masu gasa. Wanda ya yi shekara yana horo, ya biya kuɗin jirgi, ba zai so iska ta raba shi da kambunsa ba, kuma ko a dambe ana share fili a tsince duwatsu kafin a sa zare. In ana son a san wa ya fi wa, dole a kawar da duk abin da ba su biyun ba. Sai dai ni ban yarda wannan ce kaɗai tambayar da wasa ke amsawa ba. A shagonmu mun riga mun san wanda ya fi kowa, ba a jayayya a kansa. Abin da ke dawo da mu kullum shi ne yiwuwar yau ƙasa ta juya masa baya. Fili mai tudu da lungu da guguwa yana ba mai rauni ƙofa, yana tilasta wa mai ƙarfi ya yi tunani, kuma yana haifar da labari. Ban taɓa jin wani ya ba da labarin turmin da aka yi a shimfiɗaɗɗen fili bayan shekara ashirin ba, sai dai ya ce wane ya ci. Na rufin kuwa har yau in muka haɗu a wurin ɗaurin aure ana tuna ranar da Tulu ya haɗiye Goggo ya faɗa da shi cikin rami suka mutu tare, don kawai kada Goggo ya ci.

Ɗan yayata, wanda ke sakandare, Free Fire yake bugawa, wasan da ya fito a 2017, wanda ke sauke mutum 50 a tsibiri ɗaya a bar su sai ɗaya ya rage. Ba ya zuwa shagon kowa. A kan dakalin ƙofar gida yake zama inda sabis ya fi ƙarfi, abin ji a kunne, yana ihu da abokan da wasunsu ke Gauraka, wasu a Kaduna, wasu bai san ma ƙasarsu ba. Kuɗin da muke ba mai shago shi data yake saye da su. Ba zan ce ƙasa ta ɓace a wasansu ba, don ta ma fi tamu yawa: tuddai, gidaje, gadoji, da da'irar da ke matsewa tana kora kowa wuri ɗaya. Abin da babu shi ne mutum ashirin a kanka.

Na tambaye shi wurin da ya fi so a tsibirin, ya ce, “Kawu, ai kan Factory.” Wata masana'anta ce a taswirar Bermuda mai dogon rufi, kuma tun da daɗewa 'yan wasan duniya suka mayar da kan rufin nan filin dambe. Kamfanin bai rubuta haka a ko'ina ba. Masu ji da kansu ne ke dirowa can kai tsaye daga jirgi, hannu wofi, a yi ta naushi har a ga wanda zai rage a sama, wanda aka matsa wa kuma ya diro ƙasa ya nemi ta kansa. Doka ita ce ba a hawo da bindiga.

Na ce to wa ke hukunta wanda ya hawo da ita, tunda ba ku san juna ba, kuma gobe ba za ku haɗu ba?

Ya ce ba kowa. Ya ce shi ya sa kusan kowane dambe a kan Factory da harbi yake ƙarewa, wani ya laɓe a ƙasa ya tsinci bindiga, ya jira 'yan damben su raunata juna, ya hawo ya share su duka.

Na ce Allah wadai da wannan mutum.

Ya ce, “Kawu, yi a hankali. Yawanci ni ne.”